2,147,483,647: Lambar da ta gagari rabo, ta kuma zama iyakar kwamfuta

Wani ƙanina ya taɓa kira na da daddare, murya a sama, wai kwamfutarsa ta haukace. An ba shi aikin kwashe rajistar iyayen yara ta wata makaranta daga littafi zuwa na'ura. Kwana biyu ya yi yana buga sunaye da lambobin waya, da ya zo dubawa sai ya tarar kowane uba lambar wayarsa ɗaya ce: 2147483647. Mai shago, direba, ma'aikacin asibiti, duk abu guda. Shi a zatonsa bairos ne ya shiga. Da na je na duba, sai na ga gurbin da ya ware wa lambar waya irin wanda ake ajiye adadi ne a cikinsa, kuma irin wannan gurbi yana da iyakar abin da yake ɗauka. Lambar wayar Najeriya, idan ka cire sifilin farko, alƙaluma goma ne da ke farawa da 7 ko 8 ko 9, wato a idon na'ura adadi ne da ya haura biliyan bakwai. Da buhu ya cika, sai manhajar ta riƙa rubuta mafi girman abin da take iya riƙewa ta wuce abinta, ko uffan ba ta ce ba.

Idan za a faɗe ta da baki: biliyan biyu da miliyan ɗari da arba'in da bakwai da dubu ɗari huɗu da tamanin da uku da ɗari shida da arba'in da bakwai. Wanda ya zauna yana ƙirga ɗaya a kowane sakan, ba ci ba barci, sai ya shekara 68 kafin ya iso gare ta. Masu rubuta manhaja sun san ta kamar yunwar cikinsu. Amma tun kafin a yi mafarkin kwamfuta ta riga ta yi suna a wurin masana lissafi, kan wani dalili daban. Sau da yawa ana haɗa sunayen nan nata biyu kamar ɗaya ne ya haifi ɗaya, alhali haɗuwar tasu dace ce kawai.

Malamin da ke raba gado ya san darajar lambar da ke rabuwa. Shi ya sa asalin mas'ala yake yawan faɗawa kan 6 ko 12 ko 24. Sha biyu tana ba da rabi da sulusi da rubu'i da sudusi ba tare da an fasa ko ɗaya ba, ashirin da huɗu kuma ta ƙara da sumuni. Akwai lambobin da halinsu kishiyar wannan ne: 2, 3, 5, 7, 11, 13 da sauransu, waɗanda ba mai raba su daidai sai ɗaya ko su kansu. A aji ana ce musu firam, ni kuwa na fi son in kira su gagara-rabo. Lambarmu tana cikinsu. Tara mutum nawa ka ga dama, daga biyu har zuwa biliyan biyu, ka ce su raba ta daidai wa daida, sai an sami saura. Idan aka jera gagara-rabo tun daga 2, ita ce ta 105,097,565 a sahu.

Maƙwabtanta ba haka suke ba. Wadda ke ƙasa da ita da ɗaya, 2,147,483,646, mai hannu sake ce: tana rabuwa da 2, da 3, da 7, da 9, da 11, da 31, da 151, da 331. Shi ya sa idan ka raba lambarmu da kowace daga cikin waɗannan, ragowar ɗaya ce tak. Wadda ke sama da ita da ɗaya, 2,147,483,648, ba komai a cikinta sai biyu: jera 2 guda 31, ka ninka su da juna, ita za ka samu. Asirin lambarmu ke nan. A taƙaice ana rubuta ta 2³¹ − 1.

Lambobi masu wannan siffa, wato biyu da aka yi ta ninkawa sannan aka cire ɗaya, ana kiran su da sunan Marin Mersenne, wani malamin coci Bafaranshe da ya zauna a Paris. Su ne 3, 7, 15, 31, 63, 127, haka dai. Abu na farko da ake lura da shi shi ne, idan yawan biyun da aka jera yana rabuwa, to sakamakon ma zai rabu. An fi ganin dalilin da ido idan aka rubuta su da ƙirgar kwamfuta, wadda sifili da ɗaya kawai ta sani. A can 7 ita ce 111, 31 ita ce 11111, 63 kuma 111111. Dubi 63 ɗin: ɗaya guda shida ne, za ka iya kasa su biyu-biyu, 11 11 11, ko uku-uku, 111 111. To 11 a wannan ƙirga ita ce 3, 111 kuma 7, kuma lalle 3 da 7 suna raba 63. Lambarmu ɗaya ne guda 31 a jere, kuma 31 ba ta kasuwa kashi-kashi daidai. Wannan ƙofar a rufe take.

Rufewar wannan ƙofa ba ta wadatar ba, kuma nan ne manya da yawa suka yi tuntuɓe. Sha ɗaya gagara-rabo ce, amma 2¹¹ − 1, wato 2,047, ita ce 23 sau 89. A 1588 wani Ba'italiye, Pietro Cataldi, ya zauna ya tabbatar da hannu cewa 131,071 da 524,287, wato masu biyu 17 da 19, ba sa rabuwa. Wannan aiki ne na gaske. Sai daɗin nasara ya ɗebe shi, ya ce masu biyu 23 da 29 da 31 da 37 ma haka suke, bai gwada ba. A cikin huɗun nan uku kuskure ne. Pierre de Fermat ya nuna a 1640 cewa 47 tana raba ta 23, 223 kuma tana raba ta 37. Daga baya aka gano 233 tana raba ta 29. Ta 31 ce kaɗai ta rage a tsaye, kuma ba wanda ya isa ya ce ya tabbatar. Shi kansa Mersenne ya fitar da nasa jerin a 1644, ya sa 31 a ciki, amma ya sa 67 da 257 waɗanda ke rabuwa, ya tsallake 61 da 89 da 107 waɗanda ba sa rabuwa. Wanda ya yi kuskure biyar a jeri ɗaya, shaidarsa kan 31 ba ta kai a rufe magana da ita ba.

Wanda ya rufe maganar shi ne Leonhard Euler, haifaffen Basel a Suwizalan, a wata wasiƙa da ya aika wa wani masanin lissafi ɗan gidan Bernoulli a 1772. A lokacin yana St Petersburg ta Rasha, ya haura shekara sittin, idanunsa sun kusa rufewa gaba ɗaya, kuma shekara guda kafin nan gobara ta cinye gidansa. Yadda ya rage wa kansa aiki shi ne abin kallo a wurina, fiye da sakamakon kansa.

Mataki na farko tsohon sani ne. Idan lamba tana rabuwa, masu raba ta suna zuwa ne biyu-biyu, ƙarami da babba, kamar 23 da 89. Ƙaramin ba zai wuce lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta kai jimlar ba. A nan 46,341 sau 46,341 ta riga ta zarce lambarmu, don haka duk mai raba ta, in akwai shi, dole a same shi ƙasa da wannan. Daga biliyan biyu an dawo dubu arba'in da shida. Idan aka tsaya kan gagara-rabo kaɗai, sun haura 4,700. Har yanzu aikin watanni ne ga mai alƙalami da takarda, kuma kuskure ɗaya ya ɓata duka.

Mataki na biyu na Fermat ne: duk gagara-rabon da zai raba irin wannan lamba, wadda yawan biyunta gagara-rabo ne kamar 11 ko 31, dole idan ka cire masa ɗaya ya rabu da ninki biyu na yawan biyun da aka jera. Gwada da 2,047, inda biyun 11 ne: 23 cire ɗaya 22, 89 cire ɗaya 88, duka suna rabuwa da 22. Ga lambarmu, 62 ke nan. Euler ya ƙara nasa sharaɗin: idan aka raba mai rabon da 8, ragowar ta zama 1 ko 7. Nan ma 23 ta bar 7, 89 ta bar 1. Da ya haɗa sharuɗɗan biyu, sai ya zama waɗanda ake tuhuma su ne kaɗai lambobin da idan aka raba su da 248 za su bar 1 ko 63. Ƙasa da 46,341 irin waɗannan ba su wuce 374 ba, kuma yawancinsu ma ba gagara-rabo ba ne, ba sai an taɓa su ba. 63 ta fita, 249 ta fita don 3 na raba ta. Ta farko da ta cancanci gwaji ita ce 311. Raba 2,147,483,647 da 311, za ka sami 6,905,092, saura 35. Ta faɗi. Haka aka bi su ɗaya bayan ɗaya har suka ƙare, ba wadda ta shiga daidai. Daga nan lambar ta riƙe kambun mafi girman gagara-rabo da ɗan Adam ya sani har zuwa 1867, shekara 95.

Me ya sa ma aka damu da ita haka? Saboda wani tsohon rabe-raben lambobi da ya taso daga Girka, ya bi ta Bagadaza, inda Sabit bin Ƙurra, wanda ya rasu a 901, ya fassara littafin lissafin Nicomachus zuwa Larabci. Ana ɗaukar lamba a tara duk masu raba ta, ban da ita kanta. Idan jimlar ta gaza lambar, Larabawa suka ce naƙis, mai giɓi: 8 tana da 1, 2, 4, jimla 7. Idan ta zarce, za'id, mai rara: 12 tana da 1, 2, 3, 4, 6, jimla 16. Idan ta zo cif-cif, tamm, cikakkiya: 6 ita ce 1 da 2 da 3, 28 kuma 1 da 2 da 4 da 7 da 14. A wannan ma'auni lambarmu matalauciya ce ta ƙarshe, jimlar masu raba ta 1 ce kawai, kamar kowace gagara-rabo. Amma tana haifar cikakkiya. Euclid, wanda Larabawa ke kira Uƙlidis, ya nuna tun kimanin shekara 300 kafin Miladiyya cewa duk lokacin da irin lambar nan ta Mersenne ta zama gagara-rabo, idan ka ninka ta da rabin lambar da ke gaba da ita, cikakkiya za ta fito. 3 sau 2, shida. 7 sau 4, ashirin da takwas. 31 sau 16, 496. 127 sau 64, 8,128. Euler kuma ya tabbatar da ɗaya ɓangaren, cewa duk cikakkiyar da ke rabuwa da biyu ta wannan hanya kaɗai take zuwa. Lambarmu ita ce gagara-rabo ta takwas a gidan Mersenne, don haka 2,147,483,647 sau 1,073,741,824 ya ba da cikakkiya ta takwas: 2,305,843,008,139,952,128. Ko akwai cikakkiyar da ba ta rabuwa da biyu, wannan tambaya ce da ta haura shekara dubu biyu tana jiran amsa.

A 1811 wani masanin lissafi Bature daga Ingila, Peter Barlow, ya rubuta cewa wannan cikakkiya ta takwas ita ce mafi girma da aka sani, kuma da alama ita ce mafi girma da za a taɓa ganowa, tun da abin sha'awa ne kawai marar amfani, ba wanda zai wahalar da kansa neman ta gaba. Ya yi kuskure ta fuska biyu. A 1876 Édouard Lucas na Faransa ya tabbatar da mai biyu 127, lamba mai alƙaluma 39, da hannu. A 1883 wani limamin coci a Rasha, Ivan Pervushin, ya tabbatar da mai biyu 61, wadda ta ba da cikakkiya ta tara. Dabarar Lucas, wadda Derrick Lehmer ya gyara daga baya, ba ta buƙatar gwada masu rabo ko ɗaya. Fara da 4, ninka ta da kanta, cire 2, ɗauki ragowar bayan an raba da lambar da ake tuhuma, sake maimaitawa. Gwada da ita kanta lambar 31, mai biyu 5: 4 ta zama 14, 14 ta zama 194 wadda ragowarta 8, 8 ta zama 62 wadda ragowarta sifili. Sifili a zagaye na uku, wato yawan biyunta 5 cire 2, 31 ta ci jarrabawa. Abin da ya ci wa Euler jerin rabe-rabe, wannan hanya tana gama shi a zagaye 29. Da ita ne ake tabbatar da ƙattan yau. Wadda Luke Durant ya gano a watan Oktoba na 2024, ta hanyar GIMPS, shirin sa-kai na neman irin waɗannan lambobi da kwamfuta wanda aka kafa a 1996, biyu ne guda 136,279,841 aka ninka aka cire ɗaya, tana da alƙaluma 41,024,320, kuma ita ce ta 52 da aka sani a gidan. Ko gidan yana da ƙarshe, har yanzu ba a tabbatar ba.

Akwai wasu laƙabobi da ake jera mata. Ita kanta 31 ɗin 'yar gidan Mersenne ce, 2⁵ − 1, don haka lambarmu Mersenne ce sau biyu, kuma gagara-rabo huɗu kaɗai aka sani masu wannan hali: 7, 127, ita, da ta Lucas. Idan aka raba ta da 8 tana barin 7, wanda ke nufin ba za a iya haɗa ta daga murabba'i (lambar da aka ninka da kanta, kamar 1, 4, 9) biyu ko uku ba, sai huɗu, kamar yadda 7 take 4 da 1 da 1 da 1. Waɗannan halaye ne nata na jini. Amma da yawan abin da ake cika shafuka da shi, irin su jimlar alƙalumanta 46 ce ko ta ƙare da 7, ni ban ɗauke su da nauyi ba. Sun rataya ne kan cewa muna ƙirga da goma-goma don yatsunmu goma ne. Sauya tsarin rubutun, sun watse. Rashin rabuwarta kuwa yana nan ko da wace irin ƙirga ka rubuta ta.

Fuska ta biyu ta kuskuren Barlow ita ce batun amfani, kuma ita ce ta kama ƙanina. Kwamfuta tana ajiye adadi a jerin gurabe, kowane gurbi kamar makunnin wuta, a kunne ko a kashe. Shekaru da dama ma'aunin da ya fi yaɗuwa gurbi 32 ne. Ana ware ɗaya don ya nuna ko adadin na sama da sifili ne ko na bashi, saura 31. Kunna 31 ɗin duka, ka sami 2,147,483,647. Ƙara ɗaya a kai, a na'urori da yawa sai abin ya kife kamar mitar tsohuwar mota da ta cika 99999 ta koma sifili, sai dai a nan komawar ta fi muni, yana faɗawa ne can ƙasa, −2,147,483,648. Wasu manhajojin, irin ta ƙanina, suna maƙalewa ne a bakin iyakar. Wanda ke ajiye kuɗi a matsayin kobo a irin wannan gurbi, iyakarsa naira 21,474,836 da kobo 47, kuɗin da a yau mota ɗaya mai kyau za ta iya cinyewa.

Lura da cewa rashin rabuwarta bai taka wata rawa a nan ba. Injiniyoyi sun zaɓi 32 ne don ninkin takwas ce, ba don Euler ba. A gurbi 16 iyakar ita ce 32,767, wadda take 7 sau 31 sau 151. A gurbi 64 iyakar ita ce 9,223,372,036,854,775,807, ita ma 7 tana raba ta. A watan Disamba na 2014 YouTube ya sanar cewa ya koma wannan babban ma'auni don ƙirga masu kallo, saboda wani bidiyon waƙa daga Koriya ta Kudu ya kai bakin tsohuwar iyakar. A 2015 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka ta fitar da umarni kan jirgin Boeing 787, bayan gwaji ya nuna cewa idan aka bar na'urorin da ke sarrafa janaretocinsa a kunne kwana 248 a jere, wani ma'aunin ciki zai cika, wutar jirgin ta iya ɗaukewa. Masu lissafi nan take suka lura cewa idan ana ƙirga ɗari a kowane sakan, lambarmu tana cika ne a kwana 248 da rabi. Maganin wucin gadi shi ne a riƙa kashe wutar jirgin ana kunnawa kafin wa'adin. Wannan 248 ba ta da alaƙa da 248 ta Euler, wadda take 8 sau 31. Irin dacen da ke sa mai neman asiri a lambobi ya kwana bai yi barci ba ne kawai.

Wuri ɗaya na sani inda sunayen nata biyu suka yi aiki tare, shi ne wajen samar da lambobin ƙuri'a, waɗanda kwamfuta ke fitarwa kamar ba tsari, don wasanni da gwaje-gwajen kimiyya. Dabarar mai sauƙi ce: ɗauki lamba, ninka ta da wata tsayayya, riƙe ragowar bayan rabawa. Gwada da ƙanana. Ninka da 3, raba da 7: 1, 3, 2, 6, 4, 5, sannan a dawo 1. An zaga kowa. Ninka da 3, raba da 8: 1, 3, 1, 3, an maƙale. Ninka da 2, raba da 8: 1, 2, 4, sifili, an mutu. Mai rabon da ba ya rabuwa shi ne ke ba da damar zagaye mai tsawo, in an dace da abin ninkawa. A 1988 Stephen Park da Keith Miller suka ba da shawarar a ɗauki 16,807, wato 7 guda biyar da aka ninka, a riƙa rabawa da 2,147,483,647. Daga 1 sai 16,807, sai 282,475,249, sai 1,622,650,073, haka har sai an taka kowace lamba daga 1 zuwa 2,147,483,646 kafin a maimaita. Ana son gagara-rabo mafi girma da za ta shiga gurbin, sai ga shi iyakar gurbin ita kanta gagara-rabo ce, ba a yi asarar ko ɗaya ba. Ba a amfani da wannan don kulle sirri, domin wanda ya ga lamba ɗaya ya san ta gaba, amma har yau yana cikin kayan aikin harshen rubuta manhaja na C++.

Sauran wa'adi ɗaya da ke gabanmu. Tsarin Unix, babbar manhajar tafiyar da kwamfuta wadda Linux da Android suka gaji salonta, yana ƙirga lokaci ne da sakan tun daga tsakar daren 1 ga Janairu 1970 agogon GMT. Shekara 68 ɗin nan da na ambata tun farko suna cika ranar Talata 19 ga Janairu 2038, da ƙarfe 3:14:07 agogon GMT, wato 4:14:07 a Kano da Zinder, kafin kiran asuba. Sakan ɗaya bayan nan, duk na'urar da ke ajiye lokaci a gurbi 32 mai wannan iyaka za ta ɗauka ranar 13 ga Disamba 1901 ce. Sababbin wayoyi da kwamfutoci sun koma gurbi 64, kuma tun 2020 Linux ta samar da hanyar gyara ga ƙananan na'urori ma. Inda ake jin tsoro shi ne ƙananan kwakwalen da aka dasa cikin mitoci da injinan masana'antu da na'urorin sadarwa, waɗanda ake kafawa a manta da su shekara ashirin, kuma wani lokaci kamfanin da ya ƙera su ma ya daɗe da rufewa.

Shi kuwa ƙanina, gyaran nasa bai ɗauki minti biyar ba: aka mayar da gurbin ya zama na rubutu, tun da ba wanda zai tara lambar wayar wani da ta wani. Amma waɗanda ya riga ya shigar sun tafi, na'urar ba ta ajiye su a ko'ina ba. Sai da ya sake ɗauko littafin rajistar ya faro daga shafin farko.